Tsamiyar Dakta

Ranar Laraba bayan la'asar muka kai Baba makwancinsa. Kafin magariba an jera kujeru a layinmu na Madain Fahd, kamar yadda ake zaman makoki a Jidda. Ni aka tsayar a farkon sahu saboda ni ne babba. Ƙanena yana gefena yana kuka ba ɓoyo, ni kuwa idona ya bushe ƙamas, sai hannu nake miƙawa ana kamawa ana saki.

Kowa da yadda mutuwar ta same shi. Abokansa na ƙuruciya, Hausawan Sudan irinsa, sun zo da manyan rawunansu, su ɗaga hannu a yi Fatiha, su dafa mini kafaɗa, su wuce ba dogon zance. Larabawan unguwar Bagdadiyya, masu shagunan da suka yi maƙwabtaka da kantin maganin da ya yi aiki, sun zo suna ta'aziyyar Abu wane, suna haɗawa da sunana, don a wurinsu da sunan ɗan fari ake girmama mutum. Wani tsohon tela abokin Baba yana zaune kusa da ni, duk sanda aka faɗi haka sai ya girgiza kai.

"Da yana da rai, da yanzu kansa na ƙasa," in ji shi. "Shekara talatin da 'yan kai suna yi masa wannan kira, bai taɓa amsawa ya kalli mutum ba."

Wata tsohuwa daga unguwar Hindawiyya ta ƙi shiga wurin mata. Ta ratso tsakiyar maza da sandarta, ta tsaya gabana, ta ɗage zane kaɗan ta nuna mini ƙafarta ta dama.

"Ɗan nan, ka ga wannan ƙafar? Ta Dakta ce. Ni aro nake yi."

Daga nan kuka ya ci ƙarfinta, aka kama ta aka shigar da ita ciki.

A rana ta biyu ɗan kafilin Baba, wato ɗan Balaraben da ya yi wa aiki, ya zo, da turarensa da direbansa. Ya riƙe hannuna ya ce mahaifina ma'aikaci ne mai amana, ba za su manta da shi ba. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma raina ya ɓaci. Abin shan da ya gina musu masana'anta, wanda ke cikin firjin kowane shago daga Hindawiyya har bakin teku, daga hannun Baba ya fito, amma ko harafi ɗaya na sunansa babu a jikin kwalbar. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. Ni ma ba zan rubuta sunan ba, don a gidanmu ba a kama sunan uba. Waɗanda suka san shi Dakta suke ce masa, kuma wannan ya isa.

Akwai dalili na biyu, wanda shi ne ya hana ni kuka. Na shekara talatin da shida ina jiran Baba ya dube ni ya yi mini magana baki da baki. Zan faɗi yadda jiran ya ƙare, ko da ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

Baba ba likita ba ne, kuma ya gaji da gyara wa mutane. "Ni mai haɗa magani ne," haka yake cewa, su kuma su amsa da "To, Dakta." A Sudan aka haife shi, a wani ƙauyen Hausawa na bakin Nilu, inda kakanmu ya yada zango a hanyar Makka bai sake tashi ba. Can ya yi karatun haɗa magani. A tsakiyar shekarun saba'in ya ƙetaro teku da Inna da yayarsa, wadda muke kira Goggo, ya kama aiki a kantin maganin wani Balarabe a Bagdadiyya. Wannan Balarabe shi ne kafilinsa, wato wanda iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, take hannunsa.

Mutum ne dogo, siriri, mai tsabta har ta yi yawa. Farar rigar aikinsa shi yake guge abarsa, don ya ce Inna tana karya wuyan. Komai sai ya auna. Shayi ma da cokalin magani yake zuba masa sukari. In ka kawo masa ƙarar wani da zafinka, sai ya saurare ka har ka gama, sannan ya ce, "Haƙuri, sau uku a rana, bayan abinci." Mutum ya zo da niyyar faɗa ya koma yana dariya yana jin haushin dariyar.

Goggo ce ta ba ni labarin yadda abin shan ya samo asali. Wata shekara aikin hajji ya faɗo cikin zafi, alhazanmu suna ta faɗuwa a titi saboda ƙarancin ruwa a jiki. Baba yana haɗa musu ruwan gishiri da sukari, wanda shi ne maganin abin. Wata hajiya tsohuwa da aka kawo ranga-ranga ta kurɓa ta tofar.

"Dakta, ni ban baro gida don in zo in sha ruwan hawaye ba. In mutuwa ce, a bar ni in mutu da bakina lafiya."

Ya dawo gida da damuwa. Ya tarar Goggo ta jiƙa tsamiya za ta yi kunu, ya ɗauke kwanon ba tambaya. Ya tace, ya zuba cikin ruwan gishirin, ya ɗanɗana, ya ƙara citta, ya ƙara kanumfari, ya fasa busasshen lemun tsami irin na Larabawa ya jefa. Washegari hajiyar ta shanye kofi biyu ta nemi na uku, Goggo kuwa ranar ba ta sha kunu ba, kuma har ya bar duniya tana yi masa gorin kwanon tsamiyarta.

Daga alhazai abin ya bazu zuwa masu azumi, daga masu azumi zuwa 'yan ƙwallo da direbobi. Da Baba ya sa masa gas irin na lemun kwalba, sai layin masu sayen tsamiya ya fi na masu sayen magani tsawo. Kafili ya ga haka ya buɗe ƙaramar masana'anta. Baƙo ba ya yin rajistar sana'a da sunansa, don haka sunan gidan kafilin aka buga a kwalba. Hausawa dai ba su taɓa karanta abin da ke jikin kwalbar ba. Su je shago su ce a ba su tsamiyar Dakta, har 'yan Yaman masu shaguna suka iya faɗa.

Batun suna bai taɓa sa shi faɗa ba. Sau ɗaya ya yi rigima da kafili, kuma a kan gishiri ne. Kafilin ya ce a cire gishirin a ƙara sukari da kala, yara za su fi so. Baba ya tuɓe farar rigarsa, ya ninke ta, ya ɗora iƙamarsa a kai, ya tura gaban mutumin.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ka sa a mayar da ni Sudan. Wannan abu magani ne kafin ya zama lemo. Wanda ya yi dako cikin rana ya saya, jikinsa gishirin yake nema, ba kalar ba."

Kwana huɗu yana zaune a gida, Inna ta fara ɗaure kaya tana share hawaye. A na biyar kafili ya zo da kansa da rigar a hannu.

Ita kuwa tsohuwar mai ƙafa, gyaɗa take sayarwa a bakin masallaci. Aikin Umra ta zo yi ta zauna, ba ta da takarda, saboda haka ko ciwo zai kashe ta ba za ta doshi asibiti ba, tana tsoron a kama ta. Ƙusa ta soke ta, ƙafar ta kumbura ta fara wari. Baba ya gani yana fitowa daga sallar azahar. Ya koma kanti ya ɗauko kayan aiki, ya durƙusa a gefen titi da farar rigarsa, ya ɗora ƙafar a cinyarsa ya wanke. Sati uku yana zuwa kullum. Irinta suna da yawa, ta ƙofar baya suke zuwa masa, kuma bai taɓa tambayar kowa takarda ba.

Wannan mutum da zai ɗauki ƙafar baƙuwa ya ɗora a cinya, ni bai taɓa dafa mini kai ba.

Ni ɗan fari ne, kuma Baba ya riƙe kunyar ɗan fari yadda ya gada, bai rage ko ƙwaya ba. Ana yaye ni aka ba Goggo ni, na tashi a ɗakinta a saman benen da muke haya a Madain Fahd. Ba ya faɗin sunana. In zai ambace ni sai ya ce "ɗan Yaya." In muna wuri ɗaya yana son in yi wani abu, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa ɗan Yaya ya rufe taga," alhali daga ni sai shi a ɗakin. Inna ma haka take, amma ita takan saci kallona, takan tura mini nama ta hannun Goggo. Ƙanena kuwa a wuyan Baba ya girma, yana ja masa gemu.

Da a ƙauyen bakin Nilu na tashi, da na ga kowane ɗan fari haka ake yi masa, ban damu ba. Amma a Jidda na tashi. Abokaina Larabawa ubanninsu suna sumbatarsu a ƙofar makaranta, suna tutiya da sunansu. Ni nawa uban in Balarabe ya kira shi da sunana sai ya sunkuyar da kai kamar an tona masa asiri. Goggo ta sha yi mini bayani cewa so ne ya yi yawa har ake ɓoye shi. Ni kuma na ce son da ba a gani, a ba wani.

Ga inda abin ya haɗu da tsamiya. Baba ya rubuta ma'aunin komai, amma takarda ba ta isa ba, saboda tsamiya ba ta zuwa iri ɗaya. Ta Sudan daban, ta Najeriya daban, ta Indiya daban, ko a buhu ɗaya ma ta sama ba ta zama ɗaya da ta ƙasa. Don haka duk Asabar da safe shi da kansa yake haɗa abin da yake kira uwa, wato ruwan mai kauri da ake kaiwa masana'anta a tsinka. Ya auna, ya ɗanɗana, ya gyara, ya sake ɗanɗanawa. Sikeli yana kai shi rabin hanya, harshe ya ƙarasa da shi.

Wani azumi, ina da shekara goma sha tara, muna shan ruwa gaba ɗaya, na kurɓi tsamiyar na ce wa Goggo, "An canja tsamiya. Wannan ta Indiya ce, kuma kanumfarin ya ɗan yi yawa." Na faɗa ne kawai, ban san kowa na ji ba. Baba ya tsaya da dabino a hannu. Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya juya abin a baki, ya ajiye. Sai ya dubi Goggo.

"Yaya, ɗan nan naki yana da harshe."

Wannan ne yabon da na samu daga gare shi a duk rayuwata, shi ma ta hannun wani ya biyo. Na yi murna har na kasa cin abinci. Na ɗauka daga ranar zai ce in riƙa binsa ranar Asabar. Bai ce ba. Ta yaya zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinsa a kan tukunya ɗaya, yana miƙa masa cokali? Ƙanena ya ɗauka, wanda ko ruwan wanki ka sa wa sukari zai ce maka da daɗi. Yana nan da rai, ya san ban yi masa ƙarya ba.

Na haɗiye wannan shekara da shekaru. Ranar da abin ya fashe, ranar sunan ɗan ƙanena ce, gida cike da baƙi. Na ga Baba ya ɗauki jaririn yana yi masa wasa, sai wani abu ya taso mini. Na tsaya gabansa, a gaban abokansa, na yi masa magana da Larabci, don da Hausa bakina ba zai iya ba. Na ce me na yi masa, na ce in ba shi ya haife ni ba a gaya mini. Baba ya miƙa jaririn, ya tashi, ya nemi takalmansa, ya fita. Bai dube ni ba ko a lokacin. Wata biyu bayan haka na karɓi aiki a Dammam, can ɗaya gefen ƙasar. Shekara goma sha ɗaya ina can, sai Sallah nake zuwa, in gaishe shi daga bakin ƙofa, ya amsa wa bango.

A cikin waɗannan shekaru ciwon sukari ya kama shi. Mutumin da ya shayar da gari guda zaƙi aka hana shi kurɓa. Ya koma ɗanɗanawa yana tofarwa. Daga baya, da tsufa da yawan magunguna, harshen ma ya mutu. Ya riƙa tsayawa kan tukunya yana kurɓa yana jin kamar ruwa. Ƙanena yana bin takarda sau da ƙafa, amma tsofaffin masu saye suka fara cewa tsamiyar Dakta ta canja. Wannan magana ta fi ciwon cin sa.

Goggo ta kira ni a waya.

"Ubanka ya ce a tambayi ɗan Yaya ko yana da hutu."

Na ce ba ni da shi. Bayan wata ɗaya ta sake kira da magana iri ɗaya. A karo na uku na ce, "Goggo, lambata tana manne a bango kusa da waya. In yana nemana, ya kira ni da bakinsa."

"Kai Balarabe ne?" in ji ta. "Tsoho mai shekara saba'in da biyu kake so ya tuɓe a gabanka? Kai dai Allah ya shirye ka. Wallahi yadda ka faɗa haka zan gaya masa."

Na ce ta gaya masa. Ban yi zaton za ta faɗa ba, kuma ko ta faɗa na tabbata ba zai kira ba. Ina jin abin da nake so ke nan, ya ƙi kira, in samu hujjar da zan ci gaba da riƙewa.

Ranar Litinin da hantsi ina ofis waya ta yi ƙara, na ga lambar gida. Na ɗauka da shirin faɗa da Goggo. Sai na ji numfashi. Can aka yi sallama. Na san muryar, amma ban taɓa jin ta tana nufo ni ba, sai da na miƙe tsaye.

"Ni ne, Baba," na ce.

Ya gyara murya. Ina jin ƙarar fanka a bayansa.

"An kawo tsamiya sabuwa," in ji shi. "Ba na jin ɗanɗanonta. Kai kake ji. Ka zo ka taya ni."

Na shekara talatin da shida ina tanadin abin da zan faɗa a irin wannan rana, da Hausa da Larabci. Ko ɗaya bai fito ba. Kunyar da na raina a wurinsa ita ta rufe ni, na ji kamar na leƙa shi yana wanka. Na ce, "To." Na ce akwai aiki a gabana, zan zo ranar Alhamis. Ya ce Allah ya kai mu, ya ajiye.

Babu wani aiki a gabana da ba zai jira ba. Akwai jirgi a ranar, akwai washegari. Na zauna ne ina neman fuskar da zan shiga gidan da ita, kuma, in faɗi gaskiya, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya so shi ma ya ɗan jira. Ranar Laraba da safe ƙanena ya kira yana kuka. Baba ya yi alwalar walaha, ya zauna a bakin gado, zuciyarsa ta tsaya.

Sai da aka share makoki aka kwashe kujeru na iya hawa wurin Goggo. Kwana uku ba ta yi mini magana ba, ban kuma ga laifinta ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta buɗe baki.

Ta ce ranar da ta isar masa da saƙona bai yi fushi ba. Ya ce, "Yaron nan a nan aka haife shi, Yaya. Ba laifinsa ba ne." Kwana shida yana zuwa gaban wayar yana komawa. Ranar Litinin ya yi wanka, ya sa farar rigarsa da ya daina sawa tun da ya bar kanti, ya ce kowa ya fita daga falo sai ita. Ita ta danna masa lambar. Da ya ajiye wayar, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya dube ta kamar ɗalibin da ya fito daga jarrabawa.

"Yaya, na faɗa daidai? Haka ake yi?"

Ta ce masa haka ake yi. Sai ya tambaye ta, tunda tana jikin wayar, ko ta ji abin da na fara amsawa, don shi maganar Alhamis kawai kunnensa ya kama. Ta ce na ce to.

"To kawai?"

"To kawai."

"Ya isa," in ji shi. "Ɗan fari ne."

A nan kukan ya zo mini, a ɗakin da na girma, Goggo tana riƙe da kaina tana faɗa tana kuka ita ma.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya maƙoshin bayinsa, ya haɗa shi da iyayensa da ya baro a bakin Nilu. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni kuma a roƙa mini Allah ya yafe mini kwana biyun nan.